Daga Majigin En'e zuwa Allon Waya: Waiwaye kan Kallon Finafinan Yaƙi da Sulhu a Bainar Jama'a

Kallon fim a bainar jama'a ya riga talabijin shigowa ƙasar Hausa da fiye da shekara ashirin, kuma tun daga farkonsa harka ce ta mulki kafin ta zama ta nishaɗi, domin hukuma ce ta kawo shi, ita ce kuma take zaɓen abin da za a gani da wanda zai yi bayani a kansa. Abin da ake nufi da kallon bainar jama'a shi ne a tara mutanen gari ko na unguwa a fili guda, ba tare da karɓar kuɗin shiga ba, a haska musu fim ɗin da ya taɓo zamansu na tare, kamar yaƙi da sulhu da haraji da zaɓe da haƙƙin talaka a wajen mahukunta. Irin fim ɗin da aka fi amfani da shi a wannan aiki shi ne fim na haƙiƙa, wato wanda ake ɗaukar mutane da wurare da al'amura na zahiri maimakon ƙagaggen labari, ko da yake mai riƙe da kyamara da mai yanka hotuna ya jera su suna da hannu dumu-dumu a ma'anar da take fitowa a ƙarshe. Na'urorin wannan aiki sun sauya sau da dama a cikin shekara tamanin da wani abu, amma sauyin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na wanda yake da ikon buɗe baki idan hoto ya ƙare, domin a nan ne ake gane ko an tara mutane ne don a faɗa musu magana, ko kuwa don a ji ta bakinsu.

Asalin al'adar yana komawa ga wani jami'in tsabta na gwamnatin mulkin mallaka mai suna William Sellers, wanda ya fara amfani da fim a Legas a ƙarshen shekarun 1920 wajen yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, daga baya kuma aka tanadi mota ta musamman mai ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto da lasifika domin kai finafinan garuruwan da ba su da lantarki. A 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta ɗora Sellers a kansa, kuma aikin farko da aka ba sashen shi ne ya bayyana wa talakawan daula dalilin yaƙin yadda Landan take son su fahimce shi. Wannan mota da taron da take haɗawa su ne Hausawa suka sani da majigi. Sellers ya gina aikinsa a kan wani zato mai cike da raini, cewa ɗan Afirka wanda bai yi boko ba ba zai iya bin hoto mai saurin sauyawa ba, saboda haka ya shimfiɗa ƙa'idar a tafi a hankali, a daɗe a kan kowane hoto, a kuma guji dabarun kyamara. Mutanen da aka yi wa wannan zato, su da 'ya'yansu, su ne bayan 'yan shekaru suka riƙa cika gidajen sinima suna bin finafinan Indiya na sa'a uku a cikin harshen da ba su ji, ba tare da wani ya tsaya yi musu bayani ba.

Yadda daren majigi yake gudana ya nuna irin mulkin da ya haife shi. Mota takan iso bisa jadawalin rangadi, a sanar da hakimi ko dagaci, mai shela ya zaga gari, idan duhu ya shiga a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko wani dandali na En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suke mulki ta hannunta, manya su zauna a inda aka keɓe musu, dogarai da 'yan doka su tsare tsari, sauran jama'a kuma su zauna a ƙasa ko su tsaya. Shirin yakan haɗa labaran duniya da fim ɗin koyarwa kan tsabta ko noma ko biyan haraji, sannan a haɗa da barkwanci irin na Charlie Chaplin domin kada taro ya watse. Mutumin da ya fi kowa muhimmanci a wurin shi ne tafinta, wanda yake riƙe da makirfo yana bayyana hotuna da Hausa yayin da suke gudana, tun da yawancin finafinan ko dai ba su da murya ko kuwa da Turanci suke magana. Akan ba shi rubutaccen bayani, amma da zarar ya fuskanci taro sai ya ƙara gishirinsa da karin magana da raha, har ya zama abin da mutane suka koma gida da shi rabinsa aikin Landan ne, rabinsa kuma aikin bakin tafinta. Hausawa sun ce gani ya kori ji, sai dai a dandalin majigi ji ne yake jan ragamar gani, domin hoton jirgin ruwa ko na rundunar soja ba ya faɗin ko wane ne mai gaskiya a yaƙi sai mai makirfo ya faɗa. Makirfon kuwa guda ɗaya ne, kuma ba a miƙa shi ga kowa daga cikin masu kallo.

Wannan rashi ya fi fitowa fili a batun yaƙin kansa. Dubban samari daga Arewacin Najeriya sun shiga rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, sun yi yaƙi a gabashin Afirka, sannan runduna ta 81 da ta 82 suka fafata da sojan Japan a dazukan ƙasar Burma tsakanin 1943 da 1945, inda sunayen wuraren da suka zubar da jini, irin su Myohaung da Dalet da Arakan, suka zama sunayen barikoki a Najeriya har yau. Majigi ya nuna wa iyayensu fareti da horo da nasara, domin an shirya hotunan ne don a ƙarfafa gwiwa, a samu sababbin masu shiga soja, a kuma ƙara noman gyaɗa da sauran kayan da yaƙi ke buƙata. Abin da sojan ya gani na zazzaɓi da yunwa da gawar aboki, da kuma abin da ya tarar bayan an sallame shi, ya tsaya a hirar zaure da ta bakin kasuwa, bai hau farin ƙyalle ba. Sai a 2011 tashar Aljazeera ta fitar da fim ɗin Burma Boy na Barnaby Phillips, wanda ya bi labarin Isaac Fadoyebo, sojan Najeriya da aka raunata a can wasu mutanen ƙauye suka ɓoye shi, a lokacin da fim ɗin ya fito kuwa mafi yawan abokan yaƙinsa sun riga mu gidan gaskiya.

Duk da haka majigi ya samu karɓuwar da sinima ba ta samu ba. Gidan sinima na Rex da aka buɗe a Kano a 1937, da waɗanda suka biyo bayansa, wurare ne na kuɗi da dare waɗanda malamai da iyaye suke kallo a matsayin matattarar ashararanci, kuma gobarar gidan sinima na El Duniya a watan Mayun 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi a zukatan mutane da yawa. Majigi kuwa kyauta ne, a ƙofar sarki ake yinsa, da sunan ilimi yake zuwa, saboda haka yaro da dattijo duk suna iya halarta ba tare da zargi ba. Wannan mutunci ne gwamnatin Jihar Arewa ta gada a shekarun 1950, ta ci gaba da tura motoci da finafinai irin su Baban Larai mai wa'azin noman auduga, da labaran rangadin Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da buɗe masana'antu da makarantu, ta yadda iyakar da ke tsakanin labarin gwamnati da tallar jam'iyyar NPC mai mulki ta yi siriri ƙwarai. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950 kuma ita ce ta ɗauki maganar zaluncin da ake yi wa talaka a kotunan alƙalai da wajen haraji da aikin tilas, ba ta riƙe da ma'aikatar yaɗa labarai, saboda haka ta dogara da lacca da waƙoƙin mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja. Ke nan a zamanin da aka fi zazzafar muhawara kan adalci a ƙasar Hausa, hoto mai motsi yana hannun ɓangare guda.

A daidai wannan zamani, a tsallaken iyaka, wani abu ya faru wanda ya nuna cewa kallon tare yana iya ɗaukar wata siffa dabam. A 1954 mai shirya finafinai ɗan Faransa, Jean Rouch, ya koma garin Ayoru na gaɓar Kwara a Nijar, ya haska wa masunta Sarkawa fim ɗin da ya ɗauka na farautar dorinar da suka yi, su kuwa suka kalla suka yi masa gyara, suka ƙi amincewa da kiɗan da ya ɗora a kan hotunan, a bisa hujjar cewa farautar dorina a cikin shiru ake yinta, kiɗa kuma zai ƙara wa dabbar ƙarfin zuciya. Rouch ya karɓi gyaran, ya kuma mayar da komawa da fim ga masu shi wani ginshiƙi na aikinsa. Ba fim ɗin siyasa ba ne, amma darasinsa na siyasa ne, tun da ya tabbatar da cewa mutanen da aka ɗauka a hoto suna da hukunci a kan hoton. A Ajantina aka kai wannan tunani matuƙarsa, inda Fernando Solanas da Octavio Getino suka fitar da La hora de los hornos a 1968, fim mai tsawon fiye da sa'a huɗu wanda aka riƙa nunawa a ɓoye a gidaje da wuraren taron ma'aikata a zamanin mulkin sojan Janar Ongania, kuma aka gina shi da wuraren tsayawa da gangan, domin a kashe na'ura masu kallo su yi muhawara kafin a ci gaba. A wannan tsari fim sanadin taro ne kawai, abin da taron ya tattauna kuma shi ne ainihin aikin.

Motocin majigi na gwamnati sun yi ta raguwa bayan da talabijin ya iso Kaduna a 1962, jihohi suka buɗe tashoshinsu, kuɗin gyaran motoci ya yi wuya, sannan kaset ɗin bidiyo da gidajen kallo na unguwa suka mamaye dare da finafinan Hausa da ƙwallon Turai. Da al'adar ta dawo a farkon wannan ƙarni, a hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu ta dawo, da ƙaramar na'urar haska hoto da janareta, kamar yadda ƙungiyar sinimar tafi-da-gidanka ta CNA take zagaya ƙauyukan Nijar da maƙwabtanta tana haɗa fim ɗin faɗakarwa da tattaunawa, kuma a Arewacin Najeriya dalilin dawowarta shi ne jinin da aka zubar a Kaduna da Jos da sauran wurare.

Fim ɗin da ya fi wakiltar wannan zango shi ne The Imam and the Pastor na Alan Channer, wanda ya fito a 2006 a kan Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye. Mutanen biyu sun jagoranci matasa a ɓangarori masu gaba a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, inda Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kowanne da zargin ɗan'uwansa a zuciya, daga bisani suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna. Fim ɗin ya bi su har Yelwa ta ƙaramar hukumar Shendam a Jihar Filato, inda a 2004 aka kashe Kiristoci da dama a watan Fabrairu, aka kashe ɗaruruwan Musulmi a watan Mayu, aka yi ramuwar gayya a Kano, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, kuma a can ne malaman biyu suka taimaka aka kai ga yarjejeniyar sulhu a 2005. Ƙarfin fim ɗin a gaban taro yana cikin abin da masu maganar suka yarda su faɗa a kan kansu, domin ba waliyyai aka nuna ba, mutane ne da suka amsa cewa sun yi ƙiyayya kuma sun yi nufin kisa. Mutumin da ya ga limami da fasto sun faɗi haka a gaban duniya yakan samu sauƙin faɗin nasa, musamman idan maƙwabcin da suka yi shekaru ba sa gaisawa yana zaune a wuri guda yana kallon abu guda. Wannan shi ne abin da kallon kaɗaici ba ya bayarwa: kowa ya san cewa ɗayan ma ya gani, saboda haka ba wanda zai iya cewa bai sani ba. Bayan rikicin zaɓen Kenya na 2007 zuwa 2008 an gayyaci malaman biyu garin Burnt Forest domin sasanta Kikuyu da Kalenjin, aikin da ya zama fim na biyu, An African Answer, a 2010.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar wannan zango, domin yabo kaɗai zai zama rashin adalci ga waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa. Finafinan sulhu sun fi ƙwarewa a maganar yafiya fiye da maganar hukunci, kuma tattaunawar da ake yi bayansu takan karkata ga haƙuri da zaman lafiya, ta kauce wa tambayoyin da suka fi zafi, irin su wanda ya ba da umarni, da wanda ya sayi makami, da dalilin jinkirin jami'an tsaro, da kuma takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma wadda take raba mazauna gari guda zuwa 'yan ƙasa da baƙi wajen neman aiki da makaranta da sarauta. An kafa kwamitocin bincike a kan rikicin Jos, irin su na Mai shari'a Niki Tobi bayan 2001 da na Bola Ajibola bayan 2008, amma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta nuna a rahotonta na 2013 cewa 'yan kaɗan ne aka taɓa hukuntawa kan kashe-kashen Filato da Kaduna. Ko yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addini suka sa wa hannu a Kaduna a watan Agustan 2002 ba ta hana rikicin gasar sarauniyar kyau ɓarkewa bayan wata uku ba. Ga kuma matsalar kuɗi, tun da yawancin irin wannan aiki da tallafin ƙasashen waje ake yinsa, yana farawa da farawar tallafi ya ƙare da ƙarewarsa, wani lokaci kuma ya tsaya a ɗakin taron otal a gaban mutanen da tun asali ba su ne masu ɗaukar adda ba. An miƙa makirfo ga masu kallo, wannan ci gaba ne na gaske a kan majigin En'e, amma sau da yawa mai gudanar da taro ya zo da jerin tambayoyin da mai ba da kuɗi ya amince da su.

Abin da ya biyo baya ya taɓa tushen al'adar ne gaba ɗaya, wato taron dare kansa. A watan Yunin 2014 bam ya tashi a wurin kallon ƙwallon gasar cin kofin duniya a Damaturu, a watan Yunin 2019 kuma harin ƙunar baƙin wake ya kashe mutum aƙalla 30 a wurin kallon ƙwallo a Konduga ta Jihar Borno, kuma a yankunan da 'yan bindiga suke kai farmaki a Zamfara da Katsina da Sakkwato hasken na'ura da ƙarar janareta a tsakiyar ƙauye sun zama abin da mai hankali zai yi tunani sau biyu kafin ya kunna. A daidai lokacin da fili yake rufewa, hoton yaƙi ya koma aljihu. Bidiyon tambayoyin da jami'an tsaro suka yi wa Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, kafin a kashe shi a 2009, da hotunan harbe mutane a Maiduguri waɗanda Aljazeera ta nuna a 2010, da saƙonnin Abubakar Shekau wanda ya gaji Yusuf, duk sun yi yawo daga waya zuwa waya da katin ajiya, kafin WhatsApp da Facebook da TikTok su karɓi aikin. A wannan sabon yanayi babu tafinta da za a kama da laifin ƙarya, babu dattijon da zai miƙe ya ce wannan hoto ba na garinmu ba ne. Binciken BBC kan rikicin Filato na Yunin 2018 ya gano cewa daga cikin hotunan gawarwakin da suka tunzura mutane har da wanda ba a Najeriya aka ɗauke shi ba. Majigi ya tara jama'a ya hana su magana, waya kuma ta ba kowa magana bayan ta raba shi da jama'ar da za ta auna abin da ya faɗa.

Shekarar 2022 ta nuna inda aka tsaya. Tashar Trust TV ta fitar da fim na haƙiƙa kan ta'addancin 'yan bindiga, sannan a watan Yuli sashen binciken Afirka na BBC ya fitar da The Bandit Warlords of Zamfara, wanda wani matashi ɗan jihar, Yusuf Anka, ya shiga daji da ƙauyuka ya ɗauko, ya ji ta bakin shugabannin 'yan bindiga irin su Ado Aleru, da 'yan sa-kai, da iyalan waɗanda aka kashe, ya kuma taɓo sace 'yan matan makarantar Jangebe na Fabrairun 2021. Wannan shi ne irin fim ɗin da zamanin majigi bai taɓa samarwa ba, domin ɗan gida ne ya riƙe ragamarsa, masu magana a cikinsa da Hausa suke yi, kuma ya fito da ƙorafin Fulani makiyaya da na Hausawa manoma gefe da gefe ba tare da ya wanke mai kisa ba. Gwamnatin tarayya ta zarge shi da ɗaukaka ta'addanci, hukumar kula da kafofin watsa labarai kuma ta ci tarar Trust TV da wasu kamfanonin tauraron ɗan'adam naira miliyan 5 kowanne a watan Agusta, kafin babbar kotun tarayya ta yanke daga baya cewa hukumar ba ta da ikon cin irin wannan tara. Hukuncin ya sauƙaƙa wa gidajen talabijin, amma bai shafi wanda yake son ya haska irin wannan fim a Tsafe ko Anka ba, domin shi abin da ke gabansa shi ne izinin hakimi da na 'yan sanda, da wurin da Bafulatani da Bahaushe za su yarda su zauna tare bayan magariba, da kuma lafiyar mutumin da zai karɓi makirfo ya ambaci suna alhali ana zargin akwai masu kai wa daji rahoto a cikin taron.